Rijiyar da ta ƙi ba da ruwa da kuɗin lefen da ke hannuna

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 29, a Zariya aka haife ni, kuma a nan na yi digirin farko a fannin jiyoloji, wato ilimin duwatsu da abin da ƙasa ta ƙunsa. Bayan hidimar ƙasa na yi shekara guda ina yawon neman aiki, daga baya wani mai kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ya ɗauke ni. Ni ne mai awo, ni nake nuna inda za a kafa inji. Yau shekara uku ke nan.

A bazarar bara mutanen wani ƙauye da ke kusa da Zariya suka yi karo-karo, har mata suka sayar da awakinsu, suka kira mu. Na yi awo a wuri ɗaya tak, domin maigidana ya ce ba mu da lokacin da za mu wuce haka. Na ce musu akwai ruwa. Muka haƙa mita 60, ban da ƙura babu abin da ya fito. Kuɗinsu ya tafi. Har yau ba na iya bin hanyar garin. Tun ranar na gane abin da na sani bai kai yadda nake zato ba, shi ya sa na nemi gurbin digiri na biyu, kuma sunana ya fito.

Damuwata ita ce an yi mini baiko, iyayen yarinyar suna jiran mu je a sa rana. Kuɗin da na tara na lefe su kaɗai ne zan iya yin rajista da su. Babana ya yi ritaya, ya ce karatu ya isa haka, masu digiri biyu nawa ne ke zaune a gindin bishiya? Yayana kuma cewa yake karatun duwatsu ba ya kawo tuwo sai in mutum ya samu shiga kamfanin mai. Ita kuwa ta ce duk abin da na yanke ta yarda, amma na ga jikinta ya yi sanyi. Malam, in yi rajista ko in haƙura?

Ɗanka, daga Zariya. (An sakaya suna.)

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari mu fara da ƙauyen nan, domin na lura can zuciyarka take. Maganar lefe ka yi ta a layi biyu, amma awakin matan nan ba ka manta da su ba. Wannan nauyin da kake ji alama ce ta alheri, kuma ina roƙon Allah kada ya cire maka shi gaba ɗaya, domin mai awon da ba ya jin ciwon busasshiyar rijiya shi ne abin tsoro.

Ni ma na taɓa tsayawa a irin wurin da ka tsaya, a shekarun da nake aikin ruwa. Na san yadda abin yake. Inji yana ruri, ƙura fara tana tashi daga bakin rami tana sauka a kan hulunan dattawa, mata sun jera bokitai tun hantsi, yara sun kewaye ka. Ana ƙara ƙarfe bayan ƙarfe, kai kuma kana ɗibar garin dutsen da ke fitowa kana murzawa a tafin hannu ko za ka ji ɗan sanyi, ba ka ji. Can sai mai inji ya dube ka bai ce komai ba, ka san an zo ƙarshe. Shirun da ke biyo bayan kashe injin nan ba a manta shi.

Amma ina so ka raba laifin nan gida-gida, kada ka kinkime shi duka. Kasonka shi ne ka ce "akwai ruwa" a inda ya kamata ka ce "ina kyautata zato, amma awo ɗaya bai isa in tabbatar ba". Kason maigidanka shi ne gaggawa. Kaso mafi girma kuwa na ƙasar Zazzau ne da yadda Allah ya halicce ta. Ka tsaya a Wusasa ka dubi dutsen Kufena. Irin wannan dutse mai tauri, wanda ya haura shekara miliyan 500, da 'yan'uwansa su ne shimfiɗe a ƙarƙashin Samaru da Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni da ƙauyukan da ke kewaye. Shi kansa dutsen ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana zama ne a wuri biyu: a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, ƙarƙashin marmara da yumɓu, da kuma a cikin tsagogin da ke jikinsa. Kaurin ruɓaɓɓen nan ba ɗaya ba ne, a nan ya yi zurfi, taku kaɗan gaba ka tarar da falalen dutse a fili. Tsaga kuwa siririya ce, in ka kauce mata da ɗan kaɗan ka rasa ta. Shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya ta raba su, wannan sumo ɗinsa, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya, na cika tanki, wancan yana sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa. Abokan aikinka da ke yankin Sakkwato ko Borno ba irin wannan wahalar suke sha ba, domin can shimfiɗar yashi ce mai riƙe ruwa take tafiya kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa, har akwai wurare a ƙasar Borno da aka haƙa ruwa ya taso da kansa ba tare da famfo ba.

Sai kuma na'urar da kake aiki da ita. Ka kafa turakun ƙarfe huɗu, biyu na waje su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na ciki su auna, kana ƙara tazara kana ƙara leƙa zurfi. Abin da take gaya maka shi ne inda lantarki ke wucewa da sauƙi da inda yake shan wuya. Ba ta ganin ruwa. Yumɓun da ke samuwa idan dutse ya ruɓe shi ma yana barin lantarki ya wuce salin-alin, sai ya fito a takardarka da kamannin ruwa, alhali yumɓu ko ya jiƙe ba ya sakin abin da ya riƙe. Ban ga takardar awonka ba, amma wannan shi ne abu na farko da zan so ka sake dubawa. Awo ɗaya a wuri ɗaya kamar leƙa ɗaki ne ta ramin makulli. Wanda ya ƙware yakan fara da taswira da hoton tauraron ɗan'adam ya nemo layukan da tsagogi ke bi, ya duba bayanan awon maganaɗisu da hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa ta sa aka ɗauka daga jirgin sama, ya bi layi mai tsawo yana awo kafin ya zaɓi wuri biyu ko uku ya zurfafa a kansu, sannan ya zagaya ya leƙa rijiyoyin garin ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka wani lokaci rami yakan fito busasshe. Bambancin shi ne ba kullum ba.

To ka ga abin da ya kai ni ga ra'ayina. Na sha ganin matasa suna shiga digiri na biyu don gudun zaman banza, ko don a ce su ma sun yi, su je su zauna suna jiran malami ya ba su abin da za su yi bincike a kai. Irin waɗannan nakan ce musu su dakata. Kai ba haka kake ba. Kai da tambayarka a hannu za ka shiga, tambayar da ta hana ka barci shekara guda: me ya sa wannan rami ya bushe, kuma ina ruwan garin nan yake? Digiri na biyu a wannan fanni, in ka cire darussan shekarar farko, ba komai ba ne illa mutum ya ɗauki tambaya guda ya bi ta har ƙarshe a ƙarƙashin kulawar wanda ya fi shi sani. Don haka ni ina ganin ka yi karatun. Sai dai ba ta hanyar da ka tsara ba, wato ka kwashe kuɗin lefe ka kai banki ka dawo ka ce wa mutane su yi haƙuri.

Bari in tsaya wa Baba tukuna, domin maganarsa ba ta banza ba ce. Gaskiya ya faɗa, takarda kaɗai ba ta ba da aiki, kuma ya ga misalai da idonsa a unguwarku. Amma ina zaton akwai abin da bai furta ba. Shi ne ya tura 'yan'uwansa suka kai goro gidan mutane. In aka yi ta jan magana, ba kai za a tara a masallaci a tambaya ba, shi za a tara. Dattijon da ya yi ritaya, ƙarfinsa ya ragu, abin da ya rage masa a idon jama'a shi ne in ya faɗi magana ta tabbata. Yana kuma tsoron ka ajiye aikin da ke hannunka ka koma mai tambayar kuɗin mota. In ka magance masa waɗannan biyun, wato alkawarin da ya ɗauka da kuma abincin gida, ina sa ran za ka tarar ba karatun yake ƙi ba.

Don haka kada ka je masa da gardama, kuma kada ka yi maganar a gaban yayanka ko ƙannenka. Ka sami baffanka ko wani aminin Baba da yake jin maganarsa, ka fara zayyana masa komai, har da labarin ƙauyen nan in ba ka taɓa faɗa a gida ba. Sannan ku je tare bayan sallar isha'i. Ka riƙe takarda a hannunka wadda ka rubuta nawa ne kuɗin rajista, nawa ka tara, nawa ke shigo maka a wata, nawa za ka ci gaba da kawowa gida, da watan da kake so a ɗaura aure. Iyaye ba sa natsuwa da "in sha Allahu komai zai daidaita" daga bakin yaro in babu lissafi a bayansa. Ka ce masa, "Baba, izini na zo nema, ba sanarwa na kawo ba," kuma ka faɗe ta har cikin zuciyarka.

Yayanka kuwa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Aikin mai yana da maiƙo, amma gurabensa kaɗan ne kuma masu nema da yawa. An yi murna a watan Nuwamba na 2022 lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gombe, sai dai ba zan ba ka shawarar ka gina rayuwarka a kan jiran wannan ba. Abin da zan so ya gane shi ne karatun duwatsu ya fi mai faɗi. Duk wanda zai gina madatsar ruwa, ko gada, ko babban bene, yana bukatar wanda zai gaya masa abin da ke ƙarƙashin harsashi. Masu neman zinare da kuza da sauran ma'adinai suna bukata. Kuma ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega, inda yara kusan 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen da ake dakawa a tsakar gida don fitar da zinare shi ne yake ɗauke da dalmar, ƙurarsa ta shiga ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Wanda ya san duwatsu da awon sinadaransu zai iya gane wannan haɗari tun kafin a fara binne yara. Ballantana ruwa. Muddin rijiyoyin Zariya na ƙafewa a watan Maris da Afrilu, mai iya nemo ruwa ba zai rasa mai sallama a ƙofar gidansa ba.

Yanzu ga wadda ta fi kowa ba ni tausayi a wasiƙarka, kuma ita ce ka fi taƙaita maganarta. Ɗana, idan 'yar mutunci ta ce "duk abin da ka yanke na yarda", kawaici ne. Kada ka ɗauke shi a matsayin amsa. Ita ce ke zaune a gida ƙawayenta na tambayar yaushe ne biki, ita ce gwaggwanninta ke yi wa kallon tambaya, kuma wataƙila saboda kai aka sallami wasu masu nema. Ka je zance ka ajiye waya, ka gaya mata labarin rijiyar nan yadda ka gaya mini, ka nuna mata lissafin da za ka nuna wa Baba, sannan ka tambaye ta abin da take tsoro. Ka yi shiru ka saurara ko da ta ɗauki lokaci. Mai yiwuwa ba ƙarancin akwati ne ke damunta ba, rashin sanin rana ne.

A nan ne nake so ka kiyaye sosai. Kada ka kuskura ka ce wa iyayenta "sai na gama karatu". A takarda digiri na biyu bai wuce shekara biyu ba, amma kai ɗan jami'a ne, ka san yadda abin ke kasancewa. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Ko babu yajin aiki, bincike yakan ja: damina ta hana fita awo, samfurin ruwa ya daɗe a ɗakin gwaji, a jira malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ka. In ka ɗaure aurenka a jikin ranar gamawa, ka ɗaure shi a jikin abin da ba ya hannunka. Ka ɗaure shi a jikin kalanda. Abin da na fi so shi ne a je a sa rana yanzu, a sa ta bayan ka kammala shekarar darussa, lokacin da zaman aji ya ƙare sai bincike, wanda kai ke tsara lokacinsa. Ka ɗauki abin da rajista ke bukata daga cikin kuɗin da sanin Baba, sauran kada ka taɓa, ka yi ta ƙarawa a kai har ranar.

Kuma a rage lefen. Sadaki shi ne wajibi, lefe al'ada ce, kuma al'ada tana lanƙwasuwa idan manya suka yi magana da manya. Wannan ba aikinka ba ne, aikin mahaifiyarka ne da gwaggwanninka, su suka san yadda ake shigar da irin wannan magana ba tare da an ji kunya ba. Gidan da suka ba ka 'yarsu suna sane da cewa mai awon rijiya ne kai, ba su yi zaton ɗan kasuwar canji ba ne. In kuma iyayenta suka ce ba za su iya jiran shekara ba, akwai hanya ta biyu: a ɗaura aure nan kusa da abin da ya sauwaƙa, ta tare a ɗakin da kake da shi ko kuma a jinkirta tarewa zuwa lokacin da aka yi yarjejeniya. Mutane da yawa sun yi digiri na biyu da iyali, abin da yake bukata shi ne mace ta san da shi tun farko ta kuma amince da bakinta.

Aikinka kuwa kada ka sake shi ko da wasa. Ba don albashi kaɗai ba. A fanninku abin da ke cin kuɗin ɗalibi ba rajista ba ce, fita daji ce da gwaje-gwaje. Wanda zai yi nazarin sinadaran duwatsu sai ya biya a yanka masa dutse a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi a ƙarƙashin madubi, sannan ya biya a auna masa sinadarai, wasu har ƙasashen waje suke aikawa. Mu a nan mun yi sa'a, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda na'urar nukiliya ta bincike ke aiki tun 2004 kuma ana auna sinadaran ƙasa da duwatsu da ita, ga kuma ɗakunan gwaji na hukumar binciken ma'adinai a Kaduna. Duk da haka gwaji kuɗi ne. Kai kuwa in ka zaɓi ɓangaren ruwan ƙarƙashin ƙasa ko na awon ƙasa da na'urori, rabin kayan bincikenka suna wurin aikinka. Na'urar awo tana hannunka. Inji yana buɗe maka cikin ƙasa kowane mako, abin da ɗalibai da yawa sai dai su gani a littafi.

Saboda haka daga yau ka sayi littafi mai kauri. Kowane rami kuka haƙa ka rubuta inda yake da lambobin da wayarka ke nunawa, abin da awo ya nuna kafin haƙa, zurfin da marmara ta ƙare, inda yumɓu ya tsaya, inda aka taɓa dutse mai tauri, mitar da ruwa ya fara fitowa, da yawan abin da ya bayar. Ka riƙa ɗibar garin da inji ke fitarwa kana ƙullawa a leda kana rubuta zurfinsa a jiki. Waɗanda suka bushe ka fi ba su kulawa, domin su ne kowa ke ɓoyewa, kuma su ne suka fi koyarwa. Ka koma baya ka tattaro abin da za ka iya tunawa na shekara ukun nan. Ranar da ka ajiye wannan littafi a gaban malamin da ke wannan fanni, zai san ba ɗalibin da za a ja da igiya ba ne ya zo masa. Ka je ka gaishe da malaman sashen tun kafin a fara darasi, ka tambayi ɗaliban da ke gabanka wane ne ke da lokacin duba aiki, domin dacewa da malami rabin karatun ne.

Maigidanka shi ma mutum ne mai lissafi, ka shigo masa ta nan. Busasshen rami asara ce gare shi, ga man inji, ga sunan kamfani. Ka nuna masa cewa karatunka ribarsa ce, ka nemi izininsa kafin ka yi amfani da bayanan aikinsa, ku kuma sake tsari: maimakon zaman kullum, ka riƙa yi masa awo ranakun da ba ka da darasi da ƙarshen mako, ya biya ka a kan kowane aiki. Rani ne lokacin da aiki ke yawa, zai yi karo da karatu, za ka gaji ƙwarai, gara ka san haka tun yanzu. Kuma ka kafa wa kanka doka guda da ba za ka karya don kowa ba: ba za ka sake sa hannu a kan awo ɗaya ka ce wa talakawa tabbas akwai ruwa ba.

Game da tallafi, asusun bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, yana ba da guraben tallafin digiri na biyu a jami'o'in cikin gida a fannonin da suka shafi mai da iskar gas, kuma ilimin ƙasa na ciki. Jihar Kaduna tana da hukumar tallafin karatu. Na TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafe ka ba tukuna. Ka nemi duk wanda ya buɗe, amma kada ka sa shi a lissafin da za ka kai wa Baba.

Wurin bincike ka zaɓi wanda za ka je ka dawo a yini guda. Dazukan Birnin Gwari da na Zamfara suna da abin nazari mai yawa, amma halin tsaro ya sa ba wurin da ɗalibi zai ratsa da guduma da taswira ba ne. Ko a kusa ma, kada ka kafa turke a gonar kowa sai ka gaida dagaci ka nuna takardar makaranta, domin baƙon da ke auna ƙasa a wannan zamani ana yi masa zato iri-iri.

To in ka yi duk wannan Baba ya ce a'a fa? Kada ka tsallake maganarsa. Ka je ofishin makarantar karatun gaba da digiri ka tambayi ƙa'idar jinkirta gurbi zuwa baɗi, in babu dama ka sake nema wata shekarar, wanda sunansa ya fito sau ɗaya zai sake fitowa da yardar Allah. Ka yi aurenka. A tsakanin nan akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, tana ba da horo na gajeren lokaci a kan ayyukan ruwa, kuma tafiyar ba ta da nisa daga Zariya. Ka nemi rajista da COMEG, majalisar da doka ta ɗora wa tantance masu wannan sana'a, ka shiga ƙungiyar masana ma'adinai da ilimin ƙasa ta Najeriya ka riƙa halartar taronsu. Littafin nan naka kuwa ba ya bukatar izinin kowa, kuma shekara guda za ta ƙara masa kauri ne kawai. Ka yi istihara kafin ka je wurin Baba, ka kuma roƙi mahaifiyarka ta sa ka a addu'a.

Amma kafin rajista, kafin maganar lefe, kafin komai, ka koma ƙauyen nan a cikin makon nan. Zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da wani dattijo, ku sauka a ƙofar dagaci, ka ce ka zo ba da haƙuri. Za a iya gaya maka magana mai ɗaci, ka sunkuyar da kai ka karɓa, suna da hakki. Kada ka yi alkawarin ruwa, kada ka yi alkawarin kuɗin da ba ka da shi. Abin da za ka iya shi za ka faɗa: za ka sake yi musu awo kyauta, a wurare da yawa, a natse, kuma za ka roƙi maigidanka ya yi musu sassauci in suka sake shirin haƙawa. In Allah ya sa karatun ya tabbata, garin nan da kewayensa su zama wurin bincikenka.

In an gama gaisawa ka nemi a kai ka bakin ramin. Ka duba ko tulin garin dutsen yana nan, ka ɗebi abin da ka samu. Sannan ka zauna da tsofaffin garin, maza da mata, ka tambaye su wace rijiya ce ke kaiwa ƙarshen bazara ba ta ƙafe ba, gaba nawa aka haƙa kafin a tarar da ruwa a cikinta, a ina masu haƙar gargajiya suka taɓa cin karo da dutse suka haƙura, wane kwari ne ke daɗewa da danshi bayan ɗaukewar ruwa, kuma a wane layi ne itatuwa ke zama kore lokacin da ko'ina ya bushe. Ka rubuta duka a shafin farko na littafin, sannan ka rubuto mini abin da suka gaya maka da yadda kuka yi da Baba.